Kullen maƙogwaro a yoga: abin da yake yi da abin da ake jingina masa

Mutum ne a zaune ya harɗe ƙafafu, tafukan hannunsa a kan gwiwoyi, ƙirji a ɗage, kai a sunkuye har haɓarsa ta sauka cikin ɗan ramin nan da ke gindin wuya, a saman ƙashin ƙirji. Ya shaƙi iska ya riƙe, bai ko motsa ba. Wannan shi ne abin da masu yoga a Indiya suke kira jalandhara bandha, wato kullen maƙogwaro. A ido abu ne mai sauƙi, ko yaro zai iya kwaikwayonsa. Amma abubuwan da ake cewa yana yi sun fi ƙarfin wannan sauƙi nasa: wai yana gyara tayirod (wata 'yar halitta a gaban wuya da ke zuba sinadari cikin jini), yana sauke hawan jini, yana tace murya, yana kawar da damuwa, har ma yana hana tsufa. Yanzu da gajerun bidiyoyi suke yawo a YouTube da TikTok, waɗannan maganganu suna isa wayar wanda bai taɓa zama gaban malamin yoga ba. Cikin masu kallon kuwa akwai mai hawan jini, akwai mai maƙoƙo, akwai dattijon da jijiyoyin wuyansa ba sa son wasa. Don haka ya dace a zauna a warware zare da abawa.

A fahimtata, kullen nan ɗan rakiya ne. Aikinsa na asali shi ne raka riƙe numfashi, kuma a wannan gurbi yana da amfani na gaske wanda ilimin jikin ɗan'adam zai iya bayyanawa. Da zarar an ciro shi daga nan an mai da shi maganin cuta, sai a shiga faɗin abin da babu shi, wani lokacin ma a jefa marar lafiya cikin haɗari.

Yadda ake yin sa

Ana zama ne a ƙasa, ƙashin baya a miƙe, ciki ba a cike da abinci ba. Sai a shaƙi iska a hankali ta hanci, a riƙe. Daga nan a ɗaga ƙashin ƙirji sama, a miƙa ƙeya, sannan a sauke haɓa. Tsarin nan yana da muhimmanci, domin yawancin masu koyo suna fara duƙar da kai ne su tura shi ƙasa da ƙarfi, ƙirji kuwa a lotse. Malaman da suka san aikin suna cewa ƙirji ne zai taso ya tarbi haɓa, su haɗu a tsakiya. Bayan 'yan daƙiƙoƙi, sai a ɗago kai tukuna, kana a saki numfashi a hankali. Ba a fitar da iska alhali maƙogwaro yana matse.

Makarantun yoga ba su haɗu a kan siga ɗaya ba. A makarantar Bihar, wadda Swami Satyananda Saraswati ya kafa a garin Munger a farkon shekarun 1960, ana miƙe hannuwa a danna gwiwoyi, a ɗage kafaɗu sama da gaba, kullen ya yi ƙarfi na ɗan lokaci, sannan a sake shi gaba ɗaya. A wajen B.K.S. Iyengar na birnin Pune, wanda ya rasu a 2014, kullen ya fi laushi kuma ya fi daɗewa: kai yana zama a sunkuye tsawon zaman atisayen numfashi, kuma wanda haɓarsa ba ta kai ƙirji ba yakan naɗe ɗan ƙyalle ya cike gurbin maimakon ya tilasta wa wuyansa. Wannan dabara ta ƙyalle tana burge ni, domin ta yarda cewa wuyan mutane ba iri ɗaya ba ne. Mai dogon wuya da mai gajere, mai faɗin ƙirji da siriri, ba za su kai wuri ɗaya ba, kuma babu laifi a cikin hakan.

Kullen maƙogwaro ɗaya ne cikin uku. Akwai mula bandha, matse tsokokin da ke can ƙasa tsakanin gaba da dubura. Akwai uddiyana bandha, zuƙe ciki zuwa ciki da sama bayan an fitar da iska. Na maƙogwaro shi ne na sama. Mai yoga yana kallon gangar jikinsa a matsayin mazubi, ya toshe ƙasa, ya toshe sama, ya matsa tsakiya.

Ruwan da ke ɗiga daga kai

Ba za a gane dalilin da ya sa ake kambama wannan aiki ba sai an koma ga mutanen da suka ƙirƙiro shi da irin hoton jiki da ke cikin kawunansu. Littafin Patanjali, wanda ake ɗauka a matsayin ginshiƙin falsafar yoga, kuma aka rubuta shi kimanin shekara 1,600 da suka wuce, ya yi maganar zama da sarrafa numfashi, amma bai ambaci waɗannan kulle-kulle ba. Sun fito ne daga baya, a cikin reshen da ake kira hatha yoga. Binciken da James Mallinson da abokan aikinsa suka yi a makarantar SOAS ta Landan daga 2015 zuwa 2020 ya nuna cewa littafi mafi tsufa da ya koyar da dabarun wannan reshe shi ne Amritasiddhi, na ƙarni na 11, kuma a cikin mabiya addinin Buddha aka rubuta shi. A ƙarni na 13 kulle-kullen uku sun bayyana da sunayensu a wani littafin, Dattatreyayogashastra. Sai a ƙarni na 15 wani malami mai suna Svatmarama ya tattara abin da magabatansa suka faɗa a cikin Hatha Yoga Pradipika, wanda har yau shi ne aka fi komawa gare shi.

Ga yadda waɗannan mutane suka ɗauki jiki. A cikin kai akwai wata, irin na sama, wanda kullum yake ɗigo da wani ruwan rai da suke kira amrita. A wajen cibiya kuma akwai rana, ko wuta, wadda take ƙone duk abin da ya ɗigo. Tsufa da mutuwa, a wurinsu, ba komai ba ne illa ƙarewar wannan ruwa. Saboda haka duk wanda ya hana shi faɗawa cikin wutar ya ci nasara a kan tsufa. Suka fito da dabaru iri-iri don wannan buƙata. Wani ya juya jikinsa, kai ƙasa ƙafafu sama, don wata ya koma ƙarƙashin rana. Wani ya lanƙwasa harshensa baya can bayan ganɗa don ya tare ruwan. Wani kuma ya matse maƙogwaro ya danna haɓa a ƙirji don ya datse hanyar. Da aka ce a cikin littafin Svatmarama kullen maƙogwaro yana rusa tsufa da mutuwa, wannan ake nufi, kuma maganar ta yi daidai da tsarin tunanin da ta fito daga cikinsa.

Akwai kuma batun iskar rai, wadda suke kira prana. Sun ce jiki yana da hanyoyi 72,000 da take bi, uku daga ciki su ne manya: ɗaya a hagu, ɗaya a dama, ɗaya a tsakiya ta bi ƙashin baya. Burin mai hatha yoga shi ne ya tilasta wa iskar ta bar na gefe ta shiga ta tsakiya. Kamar mai noman rani ne da ke datse hanyar ruwa da laka don ruwan ya juya ya shiga fangalin da yake so. Shi ya sa littafin Svatmarama ya fayyace lokacin kulle-kullen: na maƙogwaro a ƙarshen shaƙar iska, na ciki a ƙarshen riƙewa. Tun daga tushe, ke nan, kullen maƙogwaro yana tafiya ne tare da riƙe numfashi.

A nan ne mai karatu Musulmi ko Kirista zai tsaya ya yi tambaya, kuma tambayar tana kan hanya. Waɗannan littattafai na ibada ne a wurin masu su, suna cike da sunayen abubuwan bautarsu, kuma manufarsu ta ƙarshe ta aƙida ce. Musulmi sun daɗe da sanin yoga. Al-Biruni ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci tun a ƙarni na 11. A zamaninmu, majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yoga a watan Nuwamban 2008 saboda abubuwan bautar da ke cakuɗe da ita, sannan a Janairun 2009 majalisar malamai ta Indonesiya ta rarrabe: ta haramta wadda ake haɗawa da karance-karancen bauta, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Sunkuyar da kai da riƙe numfashi motsi ne na jiki, amma ya kamata mutum ya san daga ina abin ya fito da abin da ake karantawa a ajin da zai shiga. Hukuncin kuwa na malamai ne, a can ya kamata a kai tambayar.

Yadda tayirod ta shigo maganar

Babu tayirod a cikin tsoffin littattafan nan, ko sau ɗaya. Ta shigo ne a ƙarni na 20, kuma labarin shigowarta yana bayyana abubuwa da yawa.

A ƙarshen 1914 wani masani a Amurka, Edward Kendall, ya ware sinadarin da tayirod take fitarwa. A farkon shekarun 1920 aka gano insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, a Kanada. Duniyar likitanci ta ɗauki zafi a kan waɗannan ƙananan halittu da ke zuba sinadarai cikin jini suna juya jiki duka. A daidai wannan lokaci, Indiya tana ƙarƙashin mulkin Ingila, kuma 'yan kishin ƙasa suna son nuna cewa ilimin kakanninsu zai iya tsayawa a gaban kimiyyar Turawa. A 1924 Swami Kuvalayananda ya kafa cibiyar Kaivalyadhama a Lonavla, tsakanin Mumbai da Pune, tare da mujallar Yoga Mimamsa, ya shiga auna masu yoga da na'urori har da hoton ƙashi. Mutum ne mai himma, kuma shi ya buɗe ƙofar binciken yoga da ma'auni. Amma a wannan zamani ne aka fara bayyana tsayuwar kafaɗa, wato ɗora nauyin jiki a kan kafaɗu ƙafafu a sama, wadda take danna haɓa a ƙirji, da cewa tana ciyar da tayirod. Malaman da suka biyo baya suka ɗauki maganar suka yaɗa ta duniya. Ruwan ran da ake tarewa a maƙogwaro ya koma sinadarin da ake tsamowa daga maƙogwaro. Wurin bai canja ba, alƙawarin bai canja ba, harshen bayanin ne kawai ya koma na asibiti.

Matsalar ita ce tayirod ba ta aiki da matsi. Umarninta yana zuwa ne ta cikin jini. Wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari, shi ne yake auna yawan sinadarin tayirod da ke yawo a jiki. In ya yi ƙasa, sai ya aika da wani sinadari da ake kira TSH ya ce a ƙara. In ya yi yawa, sai ya rage aiken. Ita kuma tayirod tana buƙatar aidin don ta haɗa nata sinadarin, kimanin maikrogiram 150 a rana ga baligi, 250 ga mai juna biyu, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. In aidin ya yi ƙaranci a abinci, tayirod takan kumbura tana ƙoƙarin cike giɓin, abin da muke kira maƙoƙo ke nan. Rogon da ba a jiƙa shi aka sarrafa shi yadda ya kamata ba yana ƙara tsananta lamarin a inda aidin ya riga ya yi ƙaranci. Wannan ne dalilin da ya sa ake zuba aidin a gishirin da muke saya a kasuwa. A wasu mutanen kuma garkuwar jiki ce take afka wa tayirod, ta rage mata aiki ko ta zaburar da ita fiye da kima. Danna haɓa a ƙirji ba ya kawo aidin, ba ya sauya umarnin fituwitari, ba ya lallashin garkuwar jiki.

Wannan batu yana damuna ƙwarai, domin wanda tayirod ɗinsa ta yi rauni yana samun sauƙi sosai da ƙwaya ɗaya a rana, kuma gwajin jini yana nuna ko adadin ya yi daidai. In irin wannan mutum ya ajiye maganinsa saboda bidiyon da ya gani, a hankali kasala da jin sanyi da kumburi za su dawo, ga mai ciki kuma abin yana iya taɓa ƙwaƙwalwar jaririn. Mai babban maƙoƙo kuwa, kumburin yana iya riga ya danne masa hanyar iska, sunkuyar da kai da ƙarfi ƙara matse ta zai yi.

Abin da ke faruwa a wuya da ƙirji

To, in an cire wannan, me ya rage? Abubuwa ne masu yawa, kuma sun fi alƙawarin hana tsufa ban sha'awa.

Na farko, sunkuyar da kai yana ƙuntata hanyar iska ta sama. Duk wanda ya koyi agajin gaggawa ya san cewa in mutum ya suma, ana ɗage masa haɓa a kwantar da kansa baya don hanyar numfashi ta buɗe. Kullen maƙogwaro kishiyar wannan ne. Masu koyar da haɗiya ga waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki ma sukan sa wasu majinyata su sauke haɓa lokacin haɗiyar ruwa don kada ya sarƙe su. Saboda haka mai riƙe numfashi yana samun taimako na zahiri: ƙofar ta ƙara rufuwa ba tare da ya ƙanƙame tantanin muryarsa da ƙarfi ba.

Na biyu ya fi wannan muhimmanci, kuma shi ne a ganina ainihin hikimar aikin. In mutum ya cika huhunsa ya rufe maƙogwaro sannan ya yi yunƙuri, irin na mai ɗaga kaya mai nauyi, matsi yana hauhawa a cikin ƙirjinsa. Likitoci suna kiran wannan da sunan Antonio Valsalva, masanin jiki ɗan Italiya da ya bayyana shi a 1704. Abin da ke biyo baya sananne ne: jinin da ke komawa zuciya yana raguwa, awon jini ya yi sama na ɗan lokaci, ya faɗo, sannan in aka saki numfashi ya sake yin tsalle sama. Fuska takan yi jawur, jijiyoyin wuya su fito, matsi ya ƙaru a cikin ido da cikin kai. Wanda bai iya riƙe numfashi ba, wannan yake yi ba tare da ya sani ba, domin ƙirjinsa yana son ya koma ya lotse, nauyinsa kuma yana danna iskar da ke ciki. Amma in ƙashin ƙirji yana ɗage, haƙarƙari a buɗe, tsokokin shaƙa ne suke riƙe da iskar, babu abin da ke danna ta. Umarnin nan na cewa ƙirji ya taso ya tarbi haɓa shi ne yake raba riƙe numfashi mai natsuwa da yunƙuri. Rabin amfanin kullen maƙogwaro a ƙirji yake.

Sau da yawa za ka ji ana cewa kullen yana hana matsi hawa kai. A nan sai an yi hattara. Manyan jijiyoyin da ke dawo da jini daga kai suna bi ta gefen wuya ne, kuma suna da laushi. Lanƙwasa wuya da ƙarfi yana iya rage musu gudu. Shi ya sa a ɗakin kula da marasa lafiya masu tsanani, wanda ya samu rauni a kai ana daidaita masa wuya a miƙe, don jini ya sauka ba tare da cikas ba. Ke nan kulle mai laushi da ƙirji a ɗage yana rage yunƙuri, amma kulle mai tsanani da aka daɗe a cikinsa yana iya ƙara matsin da ake cewa yana karewa.

Na uku shi ne bugun zuciya. A kowane gefen wuya, ƙasa kaɗan da kusurwar muƙamuƙi, babbar jijiyar da ke kai jini ga ƙwaƙwalwa, karotid, tana rabuwa biyu. A wurin rabuwar akwai wasu 'yan na'urorin halitta da ke auna ƙarfin jini. In suka ji bangon jijiyar ya miƙe, sai su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo cewa jini ya hau, ita kuma ta sa zuciya ta rage gudu. Heinrich Hering na Jamus ne ya bayyana wannan a shekarun 1920, kuma Corneille Heymans na Beljiyam ya samu kyautar Nobel ta 1938 a kan binciken da ya shafi wannan wuri. Na'urorin ba sa bambance hawan jini na gaske da dannawa daga waje, shi ya sa likita yakan murza wurin da yatsa don ya tsayar da wani nau'in bugun zuciya mai sauri. Malaman yoga na zamani suna cewa kullen maƙogwaro yana taɓa wannan wuri, shi ne sirrin natsuwar da ake ji. Maganar tana da ma'ana a ilimin jiki, amma kada a manta cewa riƙe numfashi shi kansa yana rage bugun zuciya, haka ma numfashi a hankali.

Wannan na ƙarshe shi ne ɓangaren da bincike ya fi ƙarfafawa. Baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. A 2001 Luciano Bernardi na jami'ar Pavia a Italiya da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike a mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, inda suka auna mutane suna karanta addu'ar carbin Katolika da Latin da kuma wani karatun masu yoga. Duka biyun sun sauke numfashi zuwa kusan sau 6 a minti, kuma a wannan gudu na'urorin auna jinin nan sun ƙara kaifi, bugun zuciya da numfashi suka daidaita da juna. Babu kullen maƙogwaro a cikin gwajin. Wanda ya zauna tsawon minti goma yana numfashi a hankali, kansa a ɗan sunkuye, idonsa a rufe, zai tashi da natsuwa, kuma kaso mafi girma na wannan natsuwa daga jinkirin numfashin yake. Gudummawar kullen ita ce yana tsayar da kai wuri ɗaya, yana hana waige-waige, yana sa mutum ya ji motsin ƙirjinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda hankalinsa ke yawo.

Sai kuma wuyan kansa. Kan baligi yana da nauyin kusan kilo 5, yana zaune a kan ƙananan ƙasusuwa 7. Mai yini a kan waya ko kwamfuta yakan tura kansa gaba, haɓa a miƙe, ƙeya a ƙanƙance, har tsokokin da ke can ciki a gaban ƙasusuwan wuya su yi rauni. Likitocin gashi da motsa gaɓɓai suna koyar da wani ɗan atisaye na jan haɓa baya a hankali don farfaɗo da waɗannan tsokoki. Matakin farko na kullen maƙogwaro, wato miƙa ƙeya kafin a sauke haɓa, ya yi kama da wannan sosai. Sai dai wanda ya tsallake matakin ya zube kansa gaba kawai, zaman waya ya maimaita, bai ƙaru da komai ba.

Batun gyaran murya kuwa, sakin tsokokin wuya da iya sarrafa numfashi suna taimakon mai waƙa da mai karatu da mai jawabi. Wanda muryarsa ta dishe fiye da mako uku, likitan maƙogwaro ya kamata ya gani.

Waɗanda bai kamata su yi ba

Tsoffin malaman hatha yoga ba su ɓoye haɗarin aikinsu ba. Littafin Svatmarama ya ce kamar yadda ake horar da zaki da giwa da damisa sannu a hankali, haka ake horar da numfashi, in ba haka ba zai hallaka mai yi. Ya lissafa abin da kuskure yake jawowa: shaƙuwa, fuka, tari, ciwon kai, ciwon kunne da na ido. Ya kuma nace cewa a gaban malami ake koyo. Waɗanda suke ɗauko alƙawarin hana tsufa daga wannan littafi sukan bar wannan gargaɗi a baya, alhali a babin da ya gabaci na kulle-kullen yake.

Mai hawan jini da mai ciwon zuciya su ne na farko da ya kamata su nisanci riƙe numfashi da kulle, saboda hawa da saukar awon jinin da na bayyana. Abin takaici, su ne kuma aka fi tallata wa aikin. Numfashi a hankali ba tare da riƙewa ba ya ishe su, tare da maganinsu. Mai hawan jinin ido, cutar da ke cin gani a ɓoye kuma ta yi yawa a cikin baƙar fata, shi ma ya kiyaye, musamman tsayuwar kafaɗa da duk wani juyi da ke sa kai ƙasa, domin an auna an ga matsin ido yana hawa a irin waɗannan yanayi. Haka mai juna biyu, da mai farfaɗiya, da mai yawan jiri, da wanda ƙasusuwan wuyansa suka zaizaye ko faifan da ke tsakaninsu ya gurɗe.

Dattawa suna da nasu dalili na daban. Da shekaru suka ja, na'urorin nan na jijiyar karotid sukan zama masu saurin firgita a wasu mutane, har matsattsiyar kwalar riga ko juya kai da sauri ko aski a gefen wuya ya sa zuciya ta dakata na daƙiƙa 3 ko fiye, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Sannan a wannan mararraba ta jijiya ne kitse ya fi taruwa. Shi ya sa likita ba ya murza wurin ga wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki kwanan nan, kuma yakan saurari jijiyar da abin sauraro kafin ya taɓa ta. Abin da likita yake yi da wannan taka-tsantsan, bai dace mutum ya yi wa kansa shi da ƙarfi a ɗaki shi kaɗai ba.

Ga matashi mai lafiya da ke son gwadawa, hanyar ita ce a fara da siffar kawai, ba riƙe numfashi: a zauna, a ɗaga ƙirji, a miƙa ƙeya, a ɗan sauke haɓa, a ci gaba da numfashi. In wannan ya zauna bayan makonni, sai a ƙara riƙewa na daƙiƙa 3 zuwa 5. Tsohon ma'aunin da ake yawan ambata, na shaƙa 1, riƙewa 4, fitarwa 2, na waɗanda suka yi nisa ne. Ma'aunin da ya fi dacewa da mai koyo shi ne numfashin da ke biyo baya: in ya fito a natse, an tsaya a kan iyaka, in kuwa sai da aka yi haki, an wuce gona da iri. Kada a yi saurin numfashi da yawa kafin a riƙe don a daɗe, domin abin da ke sa mutum ya ji buƙatar shaƙa shi ne taruwar gurɓatacciyar iska a jini, kuma in aka kore ta tun farko, oksijin yana iya ƙarewa mutum ya suma ba tare da ya ji wani gargaɗi ba. Saboda wannan dalili ba a yin irin wannan atisaye a cikin ruwa, ko a tsaye, ko a bakin tuƙi.

Jiri, ko duhun gani, ko bugun jini a kunne, ko zafi da ke sauka daga wuya zuwa hannu, kowannensu yana nufin a ɗago kai a saki numfashi nan take. In kuwa aka ga baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko wani matsanancin ciwon kai da na ƙeya ya taso farat ɗaya, to a garzaya asibiti a wannan sa'a, ko da alamar ta wuce bayan 'yan mintoci, kuma a gaya wa likita abin da ake yi da wuya lokacin da abin ya fara.